Ƙodar wa za a karɓa: ta miji, ta ɗa, ta ɗan'uwa ko ta bare?

Idan likitan ƙoda a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ya shaida wa iyali cewa wankin ƙoda ba zai zama mafita ta dindindin ba, a fara shirin dashe, abin da yakan biyo baya sananne ne. A taru a ɗakin Hajiya, mara lafiyar, bayan isha'i, babban ɗa ya ce, "Mama, ni zan bayar." Maigida ya ce shi ya fi cancanta. Ƙaninta da ke Samaru ya bugo waya ya ce kada a yi babu shi. Duk alheri ne, sai dai jikin da za a dasa wa ƙodar ba ruwansa da zumunci ko kyakkyawar niyya. Abu guda yake dubawa: ya taɓa haɗuwa da irin wannan naman a baya ko bai taɓa ba? Amsar wannan tambaya ce takan sa a ajiye ƙodar ɗan da aka haifa, a ɗauki ta wanda babu dangin iya babu na baba. Kuma da yake kusan duk dashen da ake yi a Najeriya daga mai rai ake karɓa, tun daga na farko a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000 zuwa wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002, zaɓen mai bayarwa nauyi ne da ke kan iyali da likitocinsu.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wani tambari a bayanta, likitoci suna kiransa HLA. Jean Dausset, ɗan ƙasar Faransa, shi ya gano na farko a 1958. Waɗanda aka fi dubawa wajen dashen ƙoda su ne A da B da DR, yanzu kuma ana ƙarawa da C da DQ. Kowane mutum yana da biyu-biyu daga kowanne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, shi ya sa za ka ji ana cewa an dace uku cikin shida ko shida cikin shida. Ana gadonsu a dunƙule, kamar damin da ba a kwancewa: dami guda daga uwa, dami guda daga uba. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T aikinsu ke nan duba tambari, idan suka ga baƙo su far masa. Wasu kuma, ƙwayoyin B, su ne ke ƙera antibodi, wato sinadarin da ke yawo a ruwan jini yana manne wa tambarin da aka koya masa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, garkuwar jiki ba ta mantuwa. Peter Medawar ya nuna haka a Ingila a shekarun 1940 da fatar zomaye. Idan aka dasa wa zomo fatar wani, sai ta yi kwanaki tana lafiya kafin jiki ya ƙi ta. Idan aka sake ɗebo fata daga wannan zomon dai aka dasa masa, sai ta mutu da sauri fiye da ta farko. Fatar zomo na uku kuwa sai ta ɗauki lokacinta kamar an fara daga farko. Wato jiki ya riƙe wanda ya taɓa gani, shi kaɗai. A mutane hanyoyi uku ne ke jawo wannan sabo: ɗaukar ciki, ƙarin jini, da dashen da aka taɓa yi ya lalace. Na ukun ya fi ƙarfi, ciki na bi masa, sannan ƙarin jini, amma idan aka ƙara wa macen da ta taɓa haihuwa jini, yakan tayar da abin da ciki ya shuka ya kwanta. Allurar rigakafin da aka saba yi ta ƙyanda ko ta ciwon hanta ba ta cikin wannan lissafi, kuma kada mai shirin dashe ya guje ta kafin tiyata saboda wannan tsoro.

Abin da ke faruwa idan aka dasa ƙoda a jikin da ya riga ya tanadi antibodi a kanta ba ya jira a fito daga ɗakin tiyata. Da zarar an saki matsen jijiya jini ya shiga, ƙodar da ya kamata ta yi ja ta cika ta fara ɗigar fitsari sai ta yi dabbare-dabbare, ta koma shuɗi-shuɗi, ta yi laushi. Antibodi ya manne wa bangon ƙananan jijiyoyinta, jini ya daskare a ciki. Babu magani sai cirewa. A 1969 Patel da Terasaki a Amurka suka bi diddigin wannan: cikin dashe 30 da aka yi alhali ruwan jinin mai karɓa yana kashe ƙwayoyin mai bayarwa a gwaji, 24 sun lalace nan take, cikin 195 da gwajin bai nuna haka ba kuwa 8 kawai. Tun daga nan gwajin haɗa jinin mai bayarwa da mai karɓa ya zama wajibi a ko'ina.

Ƙodar miji da ta ɗa

Ga misali a lambobi. A ce Hajiya tana da dami biyu, A2-B53-DR13 da A30-B42-DR3. Mijinta kuma yana da A23-B7-DR15 da A68-B58-DR11. Kowane ɗa da ta haifa ya ɗauki dami ɗaya nata, ɗaya na ubansa. Duk cikin da ta ɗauka, musamman wajen haihuwa, ƙwayoyin jariri sukan tsallaka cikin jininta, garkuwarta ta ga A23 ko B7 ko B58 waɗanda ba nata ba. Macen da ta haihu bakwai ko takwas, abin da ba baƙo ba ne a Zazzau, da wuya a ce ba ta haɗu da duka damman mijinta biyu ba. Har ɓari ana lissafawa. Idan kuma ta yi aure fiye da ɗaya ta haihu a kowane gida, tambarin da jikinta ya sani sun ƙaru.

To ɗanta da ya miƙe ya ce zai bayar, rabin tambarinsa nata ne, wannan da kyau. Amma ɗaya rabin shi ne ainihin wanda jikinta ya zauna da shi wata tara. Miji ya fi haka haɗari, domin duka damman nasa biyu baƙi ne, kuma duka tana iya kasancewa ta san su. Ƙanin miji ko yayansa ma yana iya ɗauke da dami iri ɗaya da na mijin. Wani bincike da Terasaki ya fitar a 1995 ya nuna ƙodar mata zuwa miji tana aiki bayan shekara uku a kashi 87 cikin ɗari. Ta miji zuwa matar da ba ta taɓa ciki ba ita ma 87. Ta miji zuwa matar da ta taɓa ciki kuwa 76. Gwaje-gwaje sun inganta tun lokacin, amma darasin yana nan.

Ba a ce haramun ne mace ta karɓi ƙodar ɗanta ba. Da yawa cikin mata ba sa ƙera antibodi mai ɗorewa duk da yawan haihuwa, kuma ana yin irin wannan dashen a yi nasara. Matsalar ita ce gwajin yau zai iya fitowa fes alhali ƙwayoyin B masu tuna baya suna kwance tun haihuwar da aka yi shekara ashirin da suka wuce. Sai an dasa, cikin mako na farko ko na biyu, su farka, fitsari ya ragu, kiriyatinin, wato dattin jini da ake aunawa don sanin aikin ƙoda, ya hau. Don haka idan babu wani sai ɗa ko miji, ana ɗaukar dashen a matsayin mai haɗari ko da gwaji bai nuna komai ba: a yi amfani da maganin farko mai ƙarfi na danne garkuwa, a riƙa auna antibodi a makonnin farko.

Ga namiji lissafin ya sha bamban. Uban da ba a taɓa ƙara masa jini ba bai taɓa haɗuwa da tambarin matarsa ko na 'ya'yansa ba. Ƙodar matarsa a wurinsa kamar ta kowane bare ce mai lafiya, ta ɗansa kuma an dace rabi ba tare da tarihin sabo ba. Sai dai a tuna da matar ita ma: wadda ta ba da ƙoda sannan ta ɗauki ciki tana da ƙarin haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga, shi ya sa aka fi so a karɓa daga wadda ta gama haihuwa.

'Yan'uwa, da bambancin shaƙiƙi da ɗan uba

Idan akwai shaƙiƙi, wato uwa ɗaya uba ɗaya, shi za a fara aunawa, ko da ba shi ya fara ɗaga hannu ba. Kowane shaƙiƙi yana da damar kashi 25 cikin ɗari ya dace da kai duka damman biyu, kashi 50 ya dace rabi, kashi 25 kuma babu ko ɗaya. Mai shaƙiƙai biyar yana da damar da ta kai kusan kashi 76 cikin ɗari a samu aƙalla ɗaya da ya dace gaba ɗaya. Wannan ita ce ribar yawan zuri'a, kuma abin takaici ne a ga an auna mutum ɗaya kawai an tsaya. Ƙodar shaƙiƙin da ya dace shida cikin shida ta fi kowace daɗewa, tana buƙatar magani mafi sauƙi, kuma ga wanda jikinsa ya cika da antibodi sau da yawa ita kaɗai ce ƙofar da ta rage, domin jiki ba ya ƙera antibodi kan tambarin da yake irin nasa. Duk da haka za a sha maganin hana ƙi, saboda akwai ƙananan bambance-bambance da gwajin HLA ba ya gani. Waɗanda suka kusa tsira daga magani su ne tagwaye masu kama ɗaya, irin waɗanda Joseph Murray ya yi wa dashen farko mai nasara a Boston a 1954. Hassan da Husaini da ba ƙwai ɗaya ba ne kuwa, hukuncinsu na sauran 'yan'uwa ne.

Ɗan uba, wanda kuka haɗa uba kawai, ba zai wuce rabi ba: kashi 50 ku haɗa dami ɗaya, kashi 50 babu. Haka wanda kuka haɗa uwa kawai. Ɗan baffa ko ɗan goggo damar haɗa dami ɗaya kashi 25 ce. Auren zumunci kan ɗaga waɗannan lambobi, har a samu miji da mata suna da dami iri ɗaya, abin da kan rage yawan baƙon tambarin da matar ta gani a cikinta. Ɗan'uwa na shayarwa kuwa, duk girman matsayinsa a shari'a, a wajen garkuwar jiki bare ne.

Akwai abin da ke rage wa 'yan'uwa daraja, kuma ya kamata a faɗa. Cutar da ta kashe ƙodar mara lafiya tana iya kasancewa ta gida ce: ciwon suga, hawan jini, ko ciwon ƙoda mai ƙululun ruwa da ake gado. Akwai kuma wani canjin ƙwayar gado mai suna APOL1 da ya yawaita a Afirka ta Yamma, wanda mai kwafi biyu nasa ke da ƙarin haɗarin ciwon ƙoda. Ƙanin da yake da shekara ashirin da biyu yana iya fitowa lafiya lau a yau, alhali cutar gidan ba ta iso gare shi ba tukuna. Yaya mai shekara arba'in da biyar da bugun jininsa da sugansa da fitsarinsa suke daidai ya riga ya nuna lafiyarsa. Mai sikila ba ya bayarwa, mai AS kuma cibiyoyi da yawa suna taka-tsantsan da shi.

Bare mai lafiya wanda jikin mara lafiya ba shi da antibodi a kansa ya fi ɗan'uwan da ake da antibodi a kansa, ko da baren bai dace ko ɗaya cikin shida ba. Magungunan zamani suna iya danne ƙwayoyin T da ke ganin baƙo karon farko, abin da suke kasawa shi ne goge antibodin da aka riga aka ƙera. Amma bare yana nufin aboki ko suruki da ya bayar don Allah. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta bayarwa ta hana sayarwa.

Yadda ake karanta takardar gwaji

Matakin farko rukunin jini ne, kuma ƙa'idar kamar ta ƙarin jini ce: mai O yana ba kowa amma daga O kawai yake karɓa, mai AB yana karɓa daga kowa. Alamar ƙari ko ragi da ke biye da harafin ba ta da tasiri a dashen ƙoda. Sai a ɗauki tambarin HLA na mutanen biyu. Sai gwajin PRA, wanda ke faɗin kashi nawa cikin ɗari na jama'a jinin mara lafiya zai ƙi. Sifili yana nufin ba a ga antibodi ba, 80 zuwa sama kuma mutum ya shiga sahun masu wuyar samun wanda ya dace. Amma PRA jimilla ce kawai. Mai PRA 90 yana iya karɓar ƙodar shaƙiƙinsa lafiya, mai PRA 15 kuma antibodinsa guda ɗaya tak ya faɗa daidai kan tambarin wanda zai ba shi.

Saboda haka abin nema shi ne DSA, wato antibodin da ya nufi wannan mai bayarwa shi kansa. Ana gano shi da na'urar Luminex, wadda ke amfani da ƙananan duwatsu kowanne an lulluɓe shi da tambari guda, ta kuma ba da lamba mai suna MFI da ke nuna ƙarfin antibodin. Ɗakunan gwaji da yawa suna fara lissafi daga wajen 1,000, dubu biyar zuwa sama ana ɗaukarsa mai ƙarfi, amma kowane ɗakin gwaji da ma'auninsa, kuma lambar ba awon mudu ba ce. Daga nan sai gwajin haɗawa, mai iri biyu. Tsohon salo, CDC, yana duba ko ruwan jinin mai karɓa zai kashe fararen ƙwayoyin mai bayarwa. Idan ya kashe ƙwayoyin T, magana ta ƙare, ba a dasawa a haka. Ɗaya salon, na na'urar fulo, ya fi kaifin ido, yana kama antibodin da bai kai ga kisa ba. Takarda ta fi kyau idan duka ukun, DSA da CDC da fulo, babu komai. DSA kaɗan ba tare da gwajin haɗawa ya nuna ba haɗari ne matsakaici. Fulo ya nuna, CDC bai nuna ba, haɗari ya ƙaru. Kuma takarda tana tsufa: ana maimaita awon antibodi duk wata uku ga mai jira, da mako biyu zuwa huɗu bayan duk wani ƙarin jini, sannan a sake gwajin haɗawa daf da ranar tiyata. Wanda zai je Indiya ko Masar ya nemi a rubuta masa wane salo aka yi da ranar da aka ɗebi jinin.

Idan wanda ake da shi bai dace ba

Hanya mafi sauƙi ga jiki ita ce musaya. Iyali biyu, kowanne da mai bayarwar da bai dace da nasa ba amma ya dace da na ɗayan, sai a yi canji, a yi tiyatar rana ɗaya don kada wani ya janye bayan nasa ya karɓa. Koriya ta Kudu ta fara wannan a 1991, yanzu ruwan dare ne a Amurka da Ingila da Indiya. Ba ya buƙatar ƙarin magani ko kaɗan. Aibinsa shi ne yana son taron iyalai masu yawa kafin a samu haɗi, kuma mai rukunin O da mai PRA sama sosai sukan daɗe suna jira. Duk da haka ya kamata a tambayi cibiyar dashe ko tana haɗa iyalai kafin a yarda da wata hanya mai tsada.

Idan rukunin jini ne kawai matsalar, abin da sauƙi fiye da yadda ake zato. Ana auna ƙarfin antibodin A ko B, a ba da allurar ritukzimab mai rage ƙwayoyin B mako biyu zuwa huɗu kafin tiyata, a tace ruwan jini sau da yawa har ƙarfin ya sauko wajen 1:8 ko 1:16, sannan a dasa. Japan, inda ba a cika samun ƙodar mamaci ba, ta daɗe tana yin haka. Abin mamaki, idan ƙodar ta tsallake mako biyu zuwa uku na farko sai ta saba, ko antibodin ya dawo ba ya cutar da ita. Sakamakon dogon lokaci ya kusa na wanda rukuninsu ya dace, sai dai shekarar farko ta fi yawan zubar jini da kamuwa da cututtuka.

Antibodin HLA ba ya yin wannan sulhu. Ana iya rage shi ta hanyar tace ruwan jini kwana ɗaya bayan ɗaya, ana bi da sinadarin IVIG, wato antibodin mutane masu lafiya da ake bayarwa ta jijiya, miligiram 100 kan kowane kilo bayan kowace tacewa, ko a ba da babban awo na giram 2 kan kowane kilo, galibi haɗe da ritukzimab. Amma ƙwayoyin da ke ƙera shi suna zaune cikin ɓargo, magungunan nan ba sa isa gare su sosai, sai ya dawo. Ƙi ta hanyar antibodi ya fi yawa a wannan rukuni, kuma ƙodar takan gaji da wuri, furotin ya fara fita a fitsari bayan shekaru. Shin ya fi zama kan wanki? A Amurka, binciken cibiyoyi 22 da aka fitar a 2016 ya nuna bayan shekara takwas kashi 76.5 na waɗanda aka rage wa antibodi aka dasa suna raye, waɗanda suka jira ko sun samu dashe daga baya ko ba su samu ba 62.9, waɗanda suka tsaya kan wanki kawai 43.9. A Ingila kuwa binciken 2017 bai ga bambancin rayuwa tsakanin yi da jira ba. A wurinmu ma'aunin yana da nauyi ta ɓangare biyu. Wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, kaɗan ne ke iya ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru, don haka jira ba lafiya ba ne. Amma rage antibodi ma yana buƙatar kuɗi mai yawa, da cibiyar da za ta iya auna DSA cikin kwana ɗaya ko biyu, ta ɗebo tsokar ƙoda da allura a karanta da wuri. Mai DSA mai rauni da gwajin CDC fes yana iya shiga. Wanda CDC ya nuna ƙarara, gara a koma a auna sauran dangi da a zuba dukiyar gida a dashen da zai iya mutuwa cikin shekara.

Abin da ke hannun mara lafiya tun yanzu

Yawancin antibodin da ke rufe wa maza ƙofa a ɗakin wanki aka samo shi, leda bayan leda. Ƙodar da ta gaza ba ta samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini, sai PCV, wato awon yawan jini, ya yi ƙasa, hanya mafi kusa kuma ita ce a ce a kawo jini. Wanda ke da niyyar dashe ya nemi a riƙe jininsa da allurar EPO mai sa ɓargo ya yi jini da ƙarfen jini ta jijiya, ana nufin himogulobin, wato sinadarin jan jini, ya zauna tsakanin 10 da 11.5. Idan rai na cikin haɗari a ƙara jini, ba a jayayya da wannan, amma a nemi wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa idan akwai. Kuma ga kuskuren da aka fi yi saboda al'adarmu ta dangi su ba da jini: kada a taɓa ƙara wa mara lafiya jinin wanda ake sa ran zai ba shi ƙoda, ko na 'ya'yan wannan mutumin, kada kuma a ƙara wa mace jinin mijinta ko na 'ya'yanta. Su ba da nasu a ma'ajiyar jini a musanya da na wani. Leda ɗaya daga ƙani tana iya ɓata ƙodar wannan ƙanin har abada. A rubuta kowane ƙarin jini da ranarsa, da yawan ciki har da ɓari, a kai wa likitan dashe.

Rigakafi kuma kafin dashe ake gamawa, domin bayansa garkuwa ba ta amsawa sosai. Na ciwon hanta nau'in B ga mai wanki ninki biyu na awon da aka saba ake yi, maikurogiram 40, sannan a auna ko ya kama. Masu ƙwayar cuta mai rai, irin na shawara da ƙyanda da ɗigon shan inna na baki, ana yin su aƙalla mako huɗu kafin dashe, bayansa an hana. Mai niyyar aikin Hajji ya lura da wannan: allurar sanƙarau ba ta da matsala, ta shawara ce ke buƙatar takardar uzuri daga likita.

Kowace ƙoda aka zaɓa, ƙarfin maganin farko yana bin haɗarin da aka auna. Mai ƙaramin haɗari ana ba shi basiliksimab miligiram 20 ranar tiyata da rana ta huɗu. Mai sabo ana ba shi ATG na 'yan kwanaki, wanda ke share ƙwayoyin T amma yana buɗe ƙofa ga cututtuka. Bayan haka sai magungunan hana ƙi na kullum: takrolimus duk awa goma sha biyu, da maikofenolet, da firednisolon. Ana auna takrolimus da safe kafin a sha na safen, kuma baƙar fata da yawa hantarsu tana narkar da shi da sauri, don haka sukan buƙaci awo mafi yawa kafin ya kai mizani. Rifamfisin na maganin tarin fuka yana rushe shi ƙasa warwas, gudawa mai tsanani kuma tana ɗaga shi har ya cutar da ƙodar. Jiƙo da sassaƙe babu wanda ya san abin da za su yi masa, a bar su. Azumi a shekarar farko likitoci sukan hana. Ƙi ta hanyar ƙwayoyin T, idan aka kama shi da wuri, yakan lafa da metilfirednisolon miligiram 500 ta jijiya kwana uku. Shi ya sa awon kiriyatinin a kan lokaci yake da muhimmanci, domin sau da yawa babu zazzaɓi babu ciwo, lamba ce kawai take hawa. Wanda ya riƙa tsallake magani saboda ya ji sauƙi ko kuɗi sun yanke, jikinsa zai ƙera sabon antibodi, sau da yawa kan tambarin DQ, ƙodar ta tafi a hankali, kuma idan aka zo neman dashe na biyu PRA ɗinsa ya riga ya hau. Don haka kuɗin maganin aƙalla shekara biyu da na awon jini na wata-wata suna cikin lissafin da za a yi a ɗakin Hajiya tun daren farko, kafin a sa ranar tiyata.